Idan manɗiƙi zindiƙanci ne, me ya kai Imam Gazali cikinsa?

Ɗan_Zaure: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun daren Juma'a. Ƙanena ya dawo hutu daga jami'a da wani ɗan littafi na manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja. Yana zaune a soro yana bita bayan Magariba, sai wani dattijo maƙwabcinmu, mutumin da muke ganin girmansa ƙwarai, ya karɓa ya duba bango, ya mayar masa ya ce, "Yaro, rufe wannan. Magabata sun ce wanda ya yi manɗiƙi ya zindiƙe." Yaron ya rufe, bai ce uffan ba. To ni kuma na san dattijon nan, Ihya, babban littafin nan na Imam Gazali, ba ta rabuwa da buzunsa. Na kuma taɓa jin cewa Gazalin ne ma ya shigo da manɗiƙi cikin karatun malamai. Ba shi ne aka ce ya karya lagon 'yan falsafa ba? Ta yaya mai yaƙar mutane zai ɗauki kayan aikinsu? Masana a taimaka, don yaron ya shiga damuwa.

Abu_Huzaifa_Kd: Wa alaikumus salam. Dattijo ya yi daidai. Sahabbai ba su san manɗiƙi ba, kuma babu wanda ya fi su fahimtar addini. Ilimin Yunanawa ne, Arisɗo (Aristotle) ne ya tsara shi. Manyan malaman hadisi Ibn Salah da Nawawi duk sun haramta. Yaron ya ajiye littafin ya kama Alƙur'ani.

Tsohon_Ɗalibi: Bismillah. Da farko dai, maganar nan ta "wanda ya yi manɗiƙi ya zindiƙe" ba aya ba ce, ba hadisi ba ce. Zance ne da ya yaɗu a bakin wasu malamai. A sani tukuna.

Abin da ka ji game da Gazali gaskiya ne, kuma babu karo a ciki idan ka san yadda ya yi. An haife shi a Ɗus ta ƙasar Khurasan a 1058, wato 450 bayan Hijira, kusa da birnin Mashhad na Iran ta yau. Ya yi karatu a Naisaburi a gaban Imamul Haramaini Juwaini har malamin ya rasu a 1085. Waziri Nizamul Mulki ya ɗora shi kan makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, yana ɗan shekara talatin da uku. Shi da kansa ya ce ɗalibai ɗari uku ne ke gabansa. A cikin wannan hidima ya riƙa satar lokaci yana karanta falsafa shi kaɗai ba malami, kusan shekara biyu, sannan ya ƙara wajen shekara guda yana jujjuya ta a zuciya. Hujjarsa ita ce, wanda ya yi raddi ga mazhabar da bai kai ƙarshenta ba, jifa yake yi a duhu.

Da ya gama sai ya rarraba ilimin nasu kashi-kashi. Lissafi, ya ce babu ruwansa da tabbatar da addini ko kore shi. Manɗiƙi ma haka, duba ne ga hanyoyin kafa hujja da sharuɗɗan ma'anar kalma. Inda ya ce sun yi tuntuɓe shi ne maganarsu kan Ubangiji. A Tahafutul Falasifa ya kawo mas'ala ashirin, ya bidi'antar da su a goma sha bakwai, ya kafirta su a uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a dunƙule, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Kuma zargin da ya yi musu shi ne, sun gindaya sharuɗɗan hujja a manɗiƙi, da suka zo kan zancen Allah sai suka kasa cika su. Da mudunsu ya auna musu, ya nuna awon bai cika ba.

Ɗan_Zaure: Allah ya saka da alheri, Malam. Wato mudun bai jefar ba, masu awon ya kama.

Tsohon_Ɗalibi: Haka ne. Har ma a gabatarwar Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙhi da ya kammala shekara biyu kafin rasuwarsa, ya sa babin manɗiƙi ya ce wanda bai san shi ba, ba a aminta da iliminsa. Wannan jumla ce ta tayar da ƙura. Ita Ibn Salah ya fi jin zafi a kanta.

Abu_Huzaifa_Kd: To ka ga inda matsalar take, Malam. Idan aka ɗauki wannan jumla, Imam Malik da Shafi'i ba a aminta da iliminsu ke nan? Shaihul Islam Ibn Taimiyya ya rubuta littafi sukutum yana raddi ga masu manɗiƙi, ya ce mai kaifin basira ba ya buƙatarsa, daƙiƙi kuma ba ya amfana da shi.

Ummu_Safiyya: Ni ku yi mini uzuri, kun yi nisa. Mene ne shi manɗiƙin? A ba mu misali ɗaya da za mu gane, mu da ke karantawa muna jiran tukunya ta tafasa.

Malamin_Firamare: Yaya Ummu, ga shi a sauƙaƙe. Ki ce: burkutu tana sa maye. Duk abin da ke sa maye haramun ne. Me ya fito? Burkutu haramun ce. Magana biyu na farko su ake kira muƙaddima, ta ukun natija. Kalmar "maye" da ta maimaitu a tsakiya ita ce igiyar da ta ɗaure su.

Yanzu ki ji wannan: duk ɓarawo yana yawo da dare. Maigadi yana yawo da dare. Saboda haka maigadi ɓarawo ne. Ko an ɗauka maganganun farko duk gaskiya ne, natijar ƙarya ce. Kowa zai ji a jikinsa cewa akwai kuskure, amma ba kowa zai iya nuna inda yake ba. Manɗiƙi shi ne ya ce miki: ba a ce duk mai yawon dare ɓarawo ne ba, don haka igiyar ba ta ɗauru ba. Na taɓa zama sulhu a unguwarmu inda aka kusa korar wani yaro daga shago a kan irin wannan hujja. Kuɗi sun ɓace ranar da shi ya rufe shago, sai aka ce shi ne. Da aka natsu aka tambaya ko shi kaɗai ke da mabuɗi, sai ga mutum uku.

Ummu_Safiyya: Ikon Allah. Ai wannan kullum muna yi a gida tsakanin yara, suna ne ba mu sani ba.

Abu_Huzaifa_Kd: Kin ga kin tabbatar da maganar Ibn Taimiyya da bakinki. Kina yi ba tare da Arisɗo ba.

Bakatsine_79: Ɗan'uwa Abu Huzaifa, Balaraben ƙauye ma yana yi wa fa'ili rufu'a daidai ba tare da ya san Sibawaihi, babban malamin nahawu, ba, amma ba wanda ya ce a daina karanta nahawu. Sahabbai ba su karanta Ajurumiyya ba. An tsara ta ne da harsuna suka fara karkacewa.

Kuma a yi wa Ibn Taimiyya adalci. Bai tsaya a "haramun ne" ba. Ya karanta fannin ya ƙure shi, sannan ya soke shi da hujja. Babbar sukarsa ita ce, wannan "duk" da ke cikin muƙaddima daga ina ka samo ta? Ai daga ganin ɗaiɗaikun abubuwa ne. In haka ne, ƙiyasin malaman fiƙihu na kwatanta abu da abu bai gaza na Arisɗo ba. Wannan suka ce ta wanda ya san abin ciki da bai. Wanda zai kafa hujja da shi ya dace ya karanta kamar yadda ya karanta.

Almajirin_Damagaram: Salamu alaikum daga Zinder. Ina so in tuna mana cewa wannan gardama ta taɓa biyowa ta ƙofar gidanmu. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha kan mulki, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar a kan manɗiƙi. Suyuɗi yana hanawa, Magili yana karewa. Ma'anar abin da Magili ya ce: manɗiƙi ba kome ba ne face bayyana gaskiya ko tabbatar da ita, ka karɓi gaskiya ko daga bakin kafiri ne, kuma da gaskiya ake gane mutane, ba da mutane ake gane gaskiya ba. Suyuɗi ya mayar da amsa da nasa baitocin, cikin girmamawa, bai sauka daga ra'ayinsa ba. Ahmad Baba na Tumbutu ya adana labarin. Kowa ya san Magili ba mai sassauci ba ne a addini, amma ga matsayinsa.

Na biyu, littafin Ahalari da kowannenmu ya fara tsarki da salla da shi, mai shi, Abdurrahman Al-Akhdari na ƙasar Aljeriya, shi ne kuma ya waƙe Sullam a fannin manɗiƙi, yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, a 941 bayan Hijira. A ciki ya ce saɓani uku ne: Ibn Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a san shi, magana mafi shahara kuma ita ce ya halatta ga mai cikakkiyar basira wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Mu a zaurenmu bayan Asuba ake karanta shi, mutum huɗu kacal, malam ba ya ba kowa.

Ɗan_Zaure: Wallahi ban taɓa sanin mai Ahalari ya yi littafin manɗiƙi ba. Shekara nawa ina riƙe da shi!

Injiniya_Sk: Ku bar ni in kawo ɗaya ɓangaren. Ni damuwata da Gazali ba manɗiƙi ba ce. Shi ne ya ce wuta ba ta ƙona auduga, Allah ne ke ƙonawa. Daga ranar da Musulmi suka karɓi wannan, me ya rage na bincike? Idan babu sababi babu kimiyya. Na ji masana da yawa suna cewa daga kansa ilimin kimiyya ya mutu a ƙasashen Musulmi.

Hajiya_Lissafi: Injiniya, wannan magana ta yaɗu amma shekaru ba su goyi bayanta ba. Gazali ya rasu a 1111. Ɗakin duba taurari na Maraga a Iran, wanda Nasiruddin Ɗusi ya jagoranta, a 1259 aka fara shi. Ibn Nafis, wanda ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu, ya rasu a 1288. Ibn Shaɗir, mai kula da lokutan salla a masallacin Umayyawa na Dimashƙa, wanda lissafinsa na tafiyar wata ya yi kama da na Kofanikus, Bature masanin taurari da ya zo bayansa, ya rasu a 1375. Gawar da ta yi wannan aiki shekara ɗari biyu da hamsin bayan mutuwarta, a sake duba ta.

Ni lissafi nake koyarwa a sakandaren 'yan mata, kuma akwai maganar Gazali da nake faɗa musu duk shekara. Ya ce babban mai cutar da addini shi ne jahilin masoyinsa, wanda ke zaton kare Musulunci shi ne ƙaryata duk abin da 'yan falsafa suka faɗa, har da lissafin husufin rana da wata. Wanda ya san abin da hujja yankakkiya, in aka ce masa addini ya saɓa, ba hujjarsa zai yi shakka ba, addinin zai yi wa. Muna yara idan wata ya yi zazzaɓi mukan fito da gwangwanaye muna kaɗawa wai rana ta sake shi. Mutumin da ya rasu shekara ɗari tara da suka wuce ya riga ya san inuwar ƙasa ce ta faɗa kan wata, ya kuma rubuta haka a gabatarwar Tahafut.

Injiniya_Sk: Na karɓi batun shekarun, Hajiya. Amma audugar fa? Ba ki taɓa ta ba.

Tsohon_Ɗalibi: Mas'ala ta goma sha bakwai ce a Tahafut. Bai ce kada ka yi tsammanin auduga ta ƙone ba. Tambayarsa ita ce, me idonka ya gani? Ka ga wuta ta taɓa, ka ga ƙuna ta biyo. Ka ga abu ya faru tare da abu, ba ka ga tilascin da ya ɗaure su ba. 'Yan falsafa sun ce haɗin dole ne kamar yadda goma ta fi uku. Shi ya ce a'a, al'ada ce da Allah ya gudanar, kuma mai gudanarwa yana iya tsagawa, kamar yadda wuta ta zama sanyi ga Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ya ma kawo wa kansa suka: to ke nan wanda ya bar littafi a gida sai ya ce wataƙila ya rikiɗe ya zama doki kafin ya dawo? Ya amsa cewa Allah ya halitta mana sanin cewa ba zai yi hakan ba, ko da yake yana da iko. Bayan shekara ɗari shida wani Bature ɗan Sikotilan, Dauda Hume, ya zo da irin wannan tambaya ta gani da tilasci, ko da yake inda ya nufa daban ne.

Bakatsine_79: Sai dai Ibn Rushdi bai gamsu ba, kuma shi ma ba ƙaramin malami ba ne. Alƙalin Ƙurɗuba ta Andalus ne, Bamalike, mai Bidayatul Mujtahid. Ya bi Tahafut sakin layi bayan sakin layi yana amsawa, ya ce wanda ya kore sababi ya kore hankali, domin sanin abu shi ne sanin sababinsa. Ni a wannan mas'ala zuciyata ta fi karkata gare shi. Ina ganin illar a asibiti, inda uba zai ƙi kawo yaro da wuri ya ce ai ba magani ke warkarwa ba.

Hajiya_Lissafi: Wannan uban ba Gazali ya karanta ba, Malam. A babin tawakkali na Ihya ya ce wanda aka ajiye wa abinci yana jin yunwa ya ƙi miƙa hannu wai yana tawakkali, wannan hauka ne tsantsa.

Baƙon_Dare: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni ba ta manɗiƙi na san Gazali ba. Ina aji biyu a jami'a na shiga wani hali da ban iya gaya wa kowa ba. Ina salla amma tambaya tana cin zuciyata: da a wani gida aka haife ni, da me zan riƙa? Na rame, mahaifiyata ta zaci typhoid ce, tana ta dafa mini ganye. Wani aboki ya ba ni ɗan littafin nan nasa Al-Munƙiz. Na buɗe sai na ga tambayata, shi ma ya yi ta tun yana yaro: 'ya'yan Kirista suna tashi Kirista, na Yahudu Yahudu, na Musulmi Musulmi. Ya yi shakkar idonsa, ya ce kana kallon inuwa ka rantse a tsaye take, bayan sa'a ka ga ta matsa. Kana ganin tauraro kamar dinari, lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Daga nan ya yi shakkar hankalin ma, ya ce mai mafarki ai yana gaskata abin da yake gani sai ya farka. Kusan wata biyu yana cikin wannan. Abin da ya sa na yi kuka a ɗakin kwanan ɗalibai shi ne, bai ce wata hujja ta fitar da shi ba. Ya ce haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa. Mutumin da ya rubuta littattafan manɗiƙi ne yake faɗin haka. Ban warke a ranar ba, amma na daina ganin kaina a matsayin wanda aka tsine wa.

Ummu_Safiyya: Allah sarki. Allah ya ƙara tabbatar da kai, ƙanena.

Abu_Huzaifa_Kd: Amin. Amma ku lura, shi kansa ya yarda ba manɗiƙi ne ya cece shi ba. Sannan Ihya cike take da hadisai masu rauni, har da marasa asali. Hafiz Iraƙi ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Malaman Malikiyya sun sa an ƙona ta a Ƙurɗuba zamanin daular Murabiɗai, Gazali yana raye.

Tsohon_Ɗalibi: Batun hadisi gaskiyarka, shi ma ya ce hajarsa a wannan fanni kaɗan ce. Wanda zai karanta Ihya ya riƙa duba aikin Iraƙi a ƙasan shafi. Amma "bai cece shi ba" daban, "ba shi da amfani" daban. Awon gwal ba ya haifar da gwal, ba kuma a sayar da gwal ba awo. A littafinsa Ƙisɗasul Mustaƙim ya ciro ma'aunai biyar daga Alƙur'ani. Ɗaya daga hujjar Annabi Ibrahim: wata yana faɗuwa, Ubangiji ba ya faɗuwa, don haka wata ba Ubangiji ba ne. Wata daga ayar da ta ce da akwai alloli ban da Allah a sama da ƙasa da sun ɓaci.

Ummu_Safiyya: Ni wani abu nake son tambaya. Na ji an ce Gazali ya bar aiki ya shiga duniya shekara goma. Iyalinsa fa?

Malamin_Firamare: A 1095 abin ya faru. Ya binciki niyyarsa a koyarwa ya ga neman suna da matsayi ne. Wata shida yana kai-kawo, da safe ya ƙudurta tafiya, da yamma ya warware. Rannan ya zauna zai ba da darasi harshe ya ƙi motsi, abinci ya ƙi wucewa, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya nuna Makka zai je alhali Sham ya nufa, don kada halifa ya tsare shi. Ɗan'uwansa Ahmad ya riƙe masa kujera. Ya rabar da dukiya, ya bar wa 'ya'yansa abin da zai ishe su. A Dimashƙa yakan hau hasumiyar masallaci ya rufe ƙofa ya wuni. Ya je Ƙudus, ya wuce garin Khalil ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim, a nan ya yi alwashin ba zai ƙara karɓar kuɗin sarakuna ba, sannan ya yi Hajji. Shekara wajen biyu ce ya yi nesa da gida. Ya ce kiran 'ya'yansa ne ya ja shi ya dawo, sauran shekarun a Ɗus ya yi su yana keɓe. A 1106 ya koma koyarwa a Naisaburi. Ni malamin makaranta ne, duk lokacin da na tuna wannan binciken niyya nakan ji nauyin alli a hannuna.

Ummu_Safiyya: Na ji, amma shekara biyu ba kwana biyu ba ce ga mace da yara. Allah ya ba ta lada ita ma, ko sunanta ba a ambata.

Ɗan_Zaure: Na dawo da labari. Bayan La'asar na je na gaishe da dattijon, na durƙusa na ce, "Baba, Allah ya gafarta Malam, ashe mai Ahalari ya waƙe manɗiƙi?" Ya yi shiru, sannan ya fara rera baitocin saɓanin nan uku da ka, har ƙarshe. Ashe ya karanta Sullam tun yana saurayi. Ya ce, "Ka ji sharaɗin? Wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Ƙanenka izu nawa gare shi?" Na ce ashirin. Ya ce ya sauke tukuna ya zo, shi zai karantar da shi.

Abu_Huzaifa_Kd: Ko ba kome dattijo ya san abin da yake tsoro. Ni dai ina nan kan maganar Nawawi.

Hajiya_Lissafi: Sharaɗin yana da kyau a zamanin da malami ke riƙe da littafi ya ba wanda ya ga dama. Yau yaron da ke da izu biyar yana cin karo da shubuha a wayarsa kafin ya karya kumallo. In aka ce ya jira sauka kafin ya koyi gane hujjar ƙarya, da me zai tare ta a tsakani?

Injiniya_Sk: Ɗan_Zaure, ka duba mana littafin yaron. Idan ka ga alamomi da jadawalin gaskiya da ƙarya, to ba na Sullam ba ne, manɗiƙin lissafi ne irin wanda George Boole ya shimfiɗa a 1854, wanda kwamfuta da wayar hannunka ke aiki da shi. In kuwa shi ne, kwas ne da za a yi masa jarrabawa, ba zai iya jiran sauka ba.

Ɗan_Zaure: Yana masallaci, in ya shigo zan ɗauki hoton bangon in turo. Malam na Damagaram, ku da kuka karanta a zaure, wata nawa Sullam ke ɗauka in ana zuwa kullum?